Rumfar Tagar Umma

Ranar Laraba da safe Sau-biyu ya shimfiɗa takardar zane a jikin ƙofar jif ɗin yayansa, ya danne ta da tafin hannu, ya bi lanƙwasar saman tagar da fensir. Layin ya karkace a kusurwa, ya cire takardar ya ɗauko wata. Ko da bai karkace ba ma da sai ya sake. Tun yana ƙarami ba ya kulle ƙofa sai ya dawo ya taɓa kwaɗon, ba ya rufe wasiƙa sai ya buɗe ya ƙara karantawa, har laƙabin ya bi shi makaranta, ya bi shi ofishin zanen gine-gine inda yake aiki da difilomarsa. Yanzu ko Umma ba ta kiransa da sunansa na gaskiya sai in ya yi laifi.

Umma ce kuwa ta tsayar da shi a jikin mota da fensir. Wata bakwai ke nan ana yi mata wankin ƙoda, Litinin da Alhamis, kuma shi ke kai ta ya dawo da ita, domin Yaya, babban wansa mai motar, ɗan kwangila ne, kullum yana da wani babba da zai gani. Umma ba ta iya zama a mota rufe. In aka kunna esi mai sanyaya mota ƙirjinta ya toshe, in aka kashe shi aka ɗaga gilashi zuciyarta ta tashi, musamman a hanyar dawowa, lokacin da injin ya gama tatse ta. Abin da take buƙata bai wuce a sauke gilashi kamar yatsu biyu ba, ta jingina kai kusa da wurin, iska ta riƙa taɓa fuskarta. Da rani wannan ba wani abu ba ne. Da damina ta kankama sai ruwa ya riƙa gangarowa daga rufin motar, ya bi ta 'yar kafar nan, ya sauka a kafaɗarta, daidai inda aka dasa mata bututun wankin a ƙarƙashin wuya. Likita kuwa ya ja kunne ya fi a ƙirga cewa kada bandejin wurin ya jiƙe. An gwada mayar da ita ɗaya gefen, iska ta bi ta da feshi. An gwada tawul, tawul ya sha ruwa ya kwanta mata a jiki.

Wata nas ce ta ba shi shawarar a sa wa motar 'yar rumfar taga, wato baƙar robar nan mai lanƙwasa da ake ɗorawa a saman ƙofa, ta ɗan zazzago kamar gira, ruwa ya bi ta kanta ya wuce ko da gilashi yana buɗe. Sai da ya kwana uku yana neman bakin zaren kafin ya gaya wa Yaya, saboda Yaya ba ya son ko ƙuda ya sauka a kan motar nan. Da fari ya ce ba a liƙa wa motarsa tarkace. Daga baya ya amince, bisa sharaɗin a nemo ta ainihin ƙirarta, ya faɗi sunan ƙirar, ya ce fitowar shekara uku da suka wuce ce. Sau-biyu ya rubuta a takarda, ya karanta masa, ya sake karantawa.

Ya sayo irin wadda ake liƙawa da danko daga waje. Da aka ɗora ta a ƙofar baya sai ta gaza da yatsu uku, tsakiyarta kuma ta ɗaga sama ta ƙi kwanciya. Ya zaci jabu aka ba shi a kwalin gaske, ya mayar, suka yi cacar baki da mai shagon. Da yamma Yaya ya tare shi a falo, gaban Umma, gaban matarsa, ya ce a ƙaro masa bayani: mutum ya yi shekaru yana karatun awo, yana yawo da tef a aljihu kamar tela, amma robar taga ta gagare shi. Matar Yaya ta rufe baki da hannu. Sau-biyu ya sunkuyar da kai ya ce zai sake.

Ya sake ɗin, a wani shago dabam, da takardar nan dai a hannunsa. Wannan karon ya zaɓi irin wadda ake cusawa cikin ramin da gilashi ke shiga, don yana ganin in ta shiga rami dole ta bi lanƙwasar ƙofa. Mai shagon ya tura ta da ƙarfi ta shiga, ya ce haka sabuwa take, za ta saba. Ranar Litinin, suna tsakiyar babbar gada a hanyar dawowa, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Sau-biyu ya danna maɓalli don ya rage buɗin tagar, gilashin ya hau, ya tunkuyi robar, ya koma ƙasa gaba ɗaya. Ya sake dannawa, ya sake komawa. Babu wurin tsayawa a kan gada. Kafin ya sauka ya sami gefen titi ya fizge robar, Umma ta jiƙe sharkaf, bandejin ya yi laushi kamar audugar da aka tsoma a kofi. Suka juya asibiti aka canja shi, nas ɗin tana yi masa kallon da ya gwammaci a mare shi. Washegari zazzaɓi ya rufe ta.

Yaya ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya yi ta faɗa, ya ce saura ƙiris a lalata masa injin gilashi, ya ce wannan ba rashin sa'a ba ne, rashin kai ne. Umma ta saurare shi har ya gama, sannan ta juya fuskarta bango ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, ita ta gama shiga motar nan har sai damina ta wuce. In kwananta ya ƙare, gara ya ƙare a kan gadonta a bushe. Duk wanda ya san Umma ya san ba ta maimaita magana. Sau-biyu kuma ya san abin da likita ya ce game da tsallake wanki ko da sau ɗaya ne, ya san yadda ƙafafunta ke kumbura in aka yi jinkirin yini guda. Ga shi Alhamis gobe ce.

Don haka ya nemi izini a ofis, ya naɗe zanensa guda biyu, ya nufi layin masu kayan ƙawar mota. Wuri ne mai cunkoso, rigunan sitiyari da tabarman ƙafa da ƙananan fitilu a rataye har bakin titi, ƙamshin turaren mota iri goma ya haɗu ya zama wari. Ya ƙudura a ransa cewa yau ba zai faɗa wa kowa sunan ƙira ko shekara ba, zane kawai zai nuna. A shago na farko aka tambaye shi ko gida zai gina a kan tagar. A na biyu aka ce masa su ba teloli ba ne, ya faɗi shekara a ba shi kwali. Ya wuce yana haɗiyar zuciya, ya tuƙa motar a hankali har ƙarshen layin, inda wani dattijo ke zaune a ƙarƙashin rumfar kwano mai faɗin da za ta ɗauki mota ɗaya. Tsohon fanal-bita ne, ya daina bugun ƙarfe da kafaɗarsa ta gaji, ya koma sayar da robobi yana ɗora su da hannunsa.

Dattijon bai yi dariya ba. Ya karɓi takardar, ya warware ta a kan tebur, ya danne kusurwoyin da sifana da kwalbar sifirit, ya daɗe yana kallo. Ya ɗaga kai ya dubi motar, ya sake duban zanen. Sannan ya shiga can ƙuryar shagon ya fito da wani dogon kwali mai ƙura, ya zaro roba ɗaya ya kwantar da ita a kan takardar. Ta hau layin fensirin daga farko har ƙarshe, kamar ita aka bi aka zana.

 Sau-biyu ya ɗauki kwalin ya share ƙurar da hannu don ya karanta, ya karanta, ya ƙara karantawa, sai ya ajiye.

"Baba, an yi kuskure a kwalin nan. Wannan ta ƙirar shekara goma sha ɗaya da suka wuce ce. Motarmu shekararta uku."

"Wa ya ce?"

"Mai ita."

"To, mai ita ya faɗi tasa. Zo mu tambayi motar."

Dattijon ya zagaya da shi gaban jif ɗin, ya nuna masa fitilu da hanci da bamba, ya ce waɗannan lallai na sabuwar ƙira ne, babu musu. Sannan ya kama yatsan Sau-biyu ya bi da shi ta inda fitilar ta haɗu da gefen mota, ya ce ya ji wurin da kyau. Akwai ɗan tudu a ƙarƙashin fentin, siriri, wanda ido ba ya gani. Ya ce nan aka yanka, aka cike, aka goge. Ya bayyana masa cewa aiki ne da ake yi: a ɗauki tsohuwar jif a cire mata fuska da baya, a ɗora mata na sabuwar ƙira, a yi mata fenti, ta fito tana ƙyalli. Shi kansa ya yi irinsa ya fi ashirin lokacin da yake da ƙarfi. Amma ƙofofi ba a taɓa su, saboda ƙofa da gangar jiki tare aka haife su, kuma ba wanda ke kallon lanƙwasar taga sai ruwan sama. Daga nan ya buɗe ƙofar direba, ya durƙusa, ya sa farce ya ɗaga gefen wata baƙar sitika da ke jikin ginshiƙin. A ƙarƙashinta akwai 'yar farar takardar kamfani, da wata da shekarar da aka ƙera motar a rubuce ɓaro-ɓaro.

"Ka gani, ɗana. Ƙofar ta girmi fuskar da shekara takwas. Da ka sayo kwali ɗari na waccan shekarar, da ɗari sun ƙi zama."

Sau-biyu ya tsaya yana kallon lambobin. Abubuwa suka riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Ya tuna mako ukun da motar ta yi a garejin wani abokin Yaya kafin a kawo ta gida, wai ana duba ta. Ya tuna kwafin takardun da ke cikin akwatin gaba, inda gurbin shekara ya yi baƙi kamar tawada ta zuba, ya taɓa lura da shi ya ɗora laifin a kan injin kwafi. Dattijon, ganin yadda fuskarsa ta canja, ya ce kada ya yi saurin yanke hukunci, wataƙila shi ma wan nasa haka aka sayar masa, an rufe shi. Sau-biyu ya riƙe wannan maganar hannu biyu, don ya fi son ta zama gaskiya. Ya ciro waya ya kira.

Ya gaya wa Yaya cewa an sami wadda ta zauna daidai a shagon ƙarshen layin masu kayan ƙawar mota, sai dai a kwalinta an rubuta tsohuwar ƙira. Ya jira ya ji mamaki, ko ashar, ko tambayar yadda aka yi haka.  Da Yaya ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa.

"Wa da wa ke wurin?"

Ruwa ba ya tsami banza. Sau-biyu ya gane. Ashe ranar da aka tsayar da shi a falo ana yi masa ba'ar tef da tela, mai ba'ar ya san dalilin da ya sa robar ta gaza. Ashe da ya koma kasuwa karo na biyu da takardar nan a hannu, an bar shi ya tafi ne da sanin cewa ba za ta zauna ba. Kalma ɗaya ce tsakanin Umma da ruwan gada, kuma mutumin da ke riƙe da kalmar ya haɗiye ta, ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakinta yana jajen injin gilashi.

Yaya ya ci gaba da magana da sauri. Ya ce kada a liƙa komai, masu ido suna gane tsohuwar roba daga nesa, za a san yadda za a yi daga baya. Ya ce a kawo masa motar kafin ƙarfe ɗaya, zai ɗauki wasu manya su je duba fili, kwangilar shekara ce a kai. Sau-biyu ya ce ya ji, ya kashe wayar.

Ya tambayi dattijon ko zuwa yaushe za a gama. Dattijon ya ce ɗorawar ba ta wuce rabin sa'a, amma danko yana da sharaɗi: sai motar ta kwana ɗaya a inuwa, ba ruwa, ba wanki, ba gudu a titi, in ba haka ba iska ta ɗauke robar a mako na farko. In yana so, rumfarsa tana nan har gobe da safe. Sau-biyu ya dubi agogo, sha ɗaya saura kwata. Ya dubi sama, hadari yana haɗuwa ta gabas. Tun da ya yi wayo bai taɓa ce wa Yaya a'a ba. Ya shiga motar, ya gyara mata tsayuwa a ƙarƙashin kwanon, ya zare makulli ya sa a aljihun wando.

"Liƙa, Baba."

Dattijon ya yi aikinsa ba gaggawa. Ya wanke saman ƙofofin da sifirit har sau uku, yana gunaguni a kan man ƙyalli da aka lafta wa motar, ya ce danko da man nan ba sa ga maciji. Ya gwada kowace roba a busasshe, ya sa alama da alli. Ya ɗan ɓare takardar dankon daga gefe biyu kawai, ya daidaita robar, sannan ya ja takardar a hankali yana bin ta da babban yatsa. Sau-biyu ya bi bayansa da tef yana auna tazarar da ke tsakanin roba da gilashi. A ƙofar Umma ya auna sau uku.

Ƙarfe ɗaya da minti ashirin tasi ta sauke Yaya a bakin shagon. Yana sanye da fararen kaya masu guga, fuskarsa a murtuke. Ya dubi robobin huɗu a jere, ya dubi kwalin a kan tebur, ya juya wa kwalin baya kamar mai tare shi daga titi. Ya miƙa hannu ya ce a ba shi makulli.

"Ba zan bayar ba, Yaya."

"Me ka ce?"

"Motar nan za ta kwana a nan. Ka hau tasi ka kai manyan naka."

Yaya ya matso har Sau-biyu yana jin ƙamshin turarensa. Ya yi magana ta tsakanin haƙora, don kada maƙwabtan shago su ji. Ya ce shi yaro ne, bai san yadda duniya take ba; a wurin da yake neman abinci, kafin a dubi takardunka an dubi motar da ka zo da ita. Ya ce da wannan fuskar ake buɗe masa ƙofofin da ake ciyar da gidan da su, har da asibitin Umma. Ya ce bai yi zaton abin zai kai haka ba, ya ɗauka robar za ta zauna ko da ba daidai ba, roba ce fa.

Sau-biyu ya saurara. Wani abu a cikin maganar gaskiya ne, kuma hakan ya ƙara masa haushi.

"Ban ce ka gaya wa duniya ba. Ni za ka gaya wa. Ka ja ni gefe ka ce, Sau-biyu, ƙara shekara takwas a takardar nan, ka rufe bakinka. Ka san zan rufe. Amma ka bar ni na je na dawo, na je na dawo, ka yi mini wankin babban bargo a gaban matarka, ita kuma Umma ta sha ruwan gada da rami a wuyanta. Da ta farko ta gaza ka sani. Ka yi shiru har ta biyu."

Muryarsa ta ƙi fita da ƙarfi, amma bai tsallake kalma ko ɗaya ba.  Yaya ya juya ya kai hannu kan robar ƙofar baya, ya sa yatsu a ƙarƙashinta. Dattijon, wanda tun ɗazu yake goge sifana kamar ba ya wurin, ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, ni ba ruwana a maganar gida. Amma fentin saman nan sabo ne, dankon kuma ya fara kamawa. In ka fizga zai taho da shi, tsohon launin ya leƙo. Ruwan toka ne, ko?"

Hannun Yaya ya tsaya cak. Ya daɗe a haka, sannan ya janye shi ya sa a aljihu. Ruwan sama ya fara bugun kwanon rumfar, ɗaya-ɗaya, sannan gaba ɗaya. Yaya ya tambayi dattijon, ba tare da ya dube shi ba, ko zai iya kawar da kwalin nan daga kan tebur. Dattijon ya ce kwali ai na mai saye ne. Sau-biyu ya ɗauka, ya yage gefen da aka rubuta shekarar, ya ninke ya sa a aljihun gaba, ya miƙa wa dattijon sauran.

Ya gaya wa Yaya cewa Umma ba za ta yarda da bakin kowa ba, sai ta gani da idonta. Gobe ƙarfe takwas zai kawo motar gida, za a gwada ta a gabanta, kuma Yaya ne zai zauna a kujerarta. In bai zo ba, shi zai yi mata bayanin abin da ya sa roba biyu suka gaza, daga farko har ƙarshe, sau biyu. Yaya ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa. Ya fita cikin ruwan ya tsayar da tasi, guga da turare duk suka tafi a banza.

Bayan ya tafi, Sau-biyu ya tambayi dattijon ko da gaske fentin zai ɓare. Dattijon ya ɗaga kafaɗarsa mai lafiya ya ce bai taɓa gwadawa ba.

Ranar Alhamis ƙarfe takwas saura minti biyar jif ɗin tana tsakar gida. Zazzaɓin Umma ya sauka, amma ƙafafunta sun fara nauyi, takalminta ya matse ta. Sau-biyu ya lallaɓa ta ta fito baranda, ya ajiye mata kujera, ya ce ba shiga za ta yi ba, kallo kawai. Ta ce kallo ba ya jiƙa mutum, ta zauna. Yaya ya fito daga sashensa da wasu fararen kayan, matarsa na biye da shi tana tambayar abin da ake shirin yi.  Ya buɗe ƙofar baya ya zauna a kujerar Umma, ya sauke gilashi yatsu biyu, ya jingina kansa inda take jingina nata.

Sau-biyu ya cika babban bokiti, ya hau kan benci, ya tuttula shi a rufin motar daidai saman kan Yaya. Bai zuba shi da tausayi ba. Ruwan ya gangaro, ya bugi robar, ya bi lanƙwasarta ya zube ta baya a ƙasa. Yaya ya fito, ya tsaya gaban Umma, ya juya mata kafaɗa. Ta miƙa hannu ta shafa rigar daga wuya zuwa hannu, ta murza yatsunta.

"Sake," in ji ta. "Ai ba a san ka da sau ɗaya ba."

Yaya ya koma ya zauna. Bokiti na biyu ya fi na farko cika. Da ya fito a bushe, Umma ta aika matar Yaya ta ɗauko mata jakar asibiti da katinta.

Ruwan gaske ya same su tun kafin su kai gada. Sau-biyu ya rage gudu, ya dubi madubi, ya ga ta jingina kai kusa da tagar, idonta a lumshe, gefen mayafinta yana motsi da iska. Ya dubi titi, ya sake duban madubin. Bandejin fari fat.

Can ta buɗe ido ta tambaye shi abin da ya hana waɗancan biyun zama, tunda ga wannan ta zauna lafiya. Yatsunsa suka matse sitiyari. Yagaggen kwalin yana aljihunsa, gefensa na sukar ƙirjinsa ta cikin riga.

"Ba ni na yi kuskuren awo ba, Umma," ya ce. "Sauran ki tambayi Yaya."

Ta daɗe tana kallon ƙeyarsa. Sannan ta ce ya ƙara sauke gilashin kaɗan, ya sauke, suka hau gadar.